Lambar yabon da aka ajiye a kan sif

Wasiƙar wannan makon ta zo ne daga wata uwa a Zariya, wadda ta roƙi a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Anti. Ina da yara biyu a wata firamare mai zaman kanta, mace 'yar shekara 11 a aji shida, da ƙanenta ɗan shekara 7 a aji biyu. A gasar wasannin gidaje ta bana yarinyar ta zo ta ɗaya a tseren mita ɗari, shi kuwa yaron shi ne na ƙarshe a tseren ajinsu, amma makarantar ta rataya wa kowane yaro lamba iri ɗaya a wuya, wai don kada wani ya koma gida da kuka. Yaron ya shigo gida da murnarsa, sai babansu ya karɓe lambar, ya ce a gidansa ba za a yi murnar zuwa na ƙarshe ba, ya ɗora ta a kan sif. Tun daga ranar yaron ya ce shi da gudu har abada. Ita kuma yayar tasa ta ce wahalar banza ta sha, tunda wanda ya ci da wanda bai ci ba duk ɗaya ne. Ina cikin kwamitin iyaye da malamai, kuma za mu zauna a kan bikin rabon kyaututtuka na ƙarshen shekara, inda wasu iyaye suke so a ba kowane ɗalibi kyauta. Wa yake da gaskiya, kuma yaya zan yi da gidana?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan lamba da take kwance a kan sif tana shan ƙura, alhali mutum uku a gidanki kowa yana kallonta da nasa ciwon. Zan fara gaya miki ra'ayina kai tsaye, sannan in kawo dalilaina. Maigidanki yana da gaskiya a kan abu ɗaya mai nauyi, wato bai kamata a nuna wa yaro cewa ya ci abin da bai ci ba. 'Yarki ma tana da gaskiya, domin an tauye mata haƙƙinta a bainar jama'a. Amma wanda hukunci ya faɗa wa a cikinsu, wato ɗan shekara bakwai ɗin nan, bai yi laifin komai ba. Kuskuren na makarantar ne, da ta ɗauki lamba guda ta ɗora mata aiki biyu: tana so ta ce wa wannan "kin fi kowa gudu", ta kuma ce wa wancan "mun ga ka fito ka yi", duk da bakin abu ɗaya, har maganar ta cakuɗe babu wanda ya ji tasa.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, mantawa kawai muke yi da ita idan muka shiga harabar makarantar boko. Duk wanda ya taɓa halartar gayyar noma ya san cewa idan rana ta take aka kawo fura bakin gona, ba a tambayar wa ya fara kai ƙarshen kunya kafin a miƙa masa ludayi. Duk wanda ya sunkuya da fartanya yana da rabo a ƙwaryar, domin guminsa ya zuba a gonar. Amma makaɗin gangar noma ba kowa yake wasawa ba, wanda ya tsere wa sa'o'insa shi ake kira da suna, shi ake yi wa kirari har 'yan mata su yi guɗa. Ba a taɓa jin mai shan fura ya ɗauka cewa shi ne gwanin gayya don an ba shi ludayi ba, haka kuma gwanin bai taɓa jin an rage masa daraja don kowa ya sha fura ba, saboda kowa ya san abin da fura take nufi da abin da kirari yake nufi.

Haka abin yake a karatun Alƙur'ani. Ranar walimar sauka, duk ɗalibin da ya kai ƙarshe ana miƙa masa allon zayyanarsa ko shahadarsa, ko a shekara uku ya sauke ko a shekara bakwai, kuma babu uban da ya taɓa karɓe allon ɗansa don wani ya riga shi saukewa. A gefe guda kuma ga musabaƙa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato take shiryawa a matakin ƙasa tun 1986, inda alƙalai suke zaune da alƙalami suna rage maki a kan kowane tuntuɓe, a ƙarshe a fitar da na ɗaya da na biyu da na uku. Ki lura kuma cewa ko a can ba a haɗa mai izu biyu da mai izu sittin a rukuni ɗaya, kowa da sa'ansa yake karawa. Al'ummarmu ta riƙe sauka ta kuma riƙe musabaƙa shekara da shekaru, ɗaya ba ta kashe ɗaya ba.

Ko a manyan wasannin duniya haka ake yi. Tun gasar Olamfik ta farko ta wannan zamani, wadda aka yi a birnin Atan na ƙasar Girka a 1896, ana ba 'yan wasan da suka halarta lambar tunawa, amma siffarta dabam take da lambobin waɗanda suka yi nasara, kuma ba a hawa dandamali da ita. A tseren gudun fanfalaki na kilomita 42, irin wanda ake yi a Legas tun 2016, wanda ya kai ƙarshe yana karɓar lambar gamawa, kuɗin gasar kuwa na waɗanda suka zo gaba ne. Akwai wani ɗan Tanzaniya mai suna John Stephen Akhwari, wanda ya faɗi ya ji rauni a gwiwa a fanfalakin Olamfik na birnin Meziko a 1968, amma ya tashi ya ci gaba yana ɗingishi da ɗauri a ƙafa, ya shigo filin fiye da awa ɗaya bayan wanda ya ci, Mamo Wolde na Habasha. Shi ne na ƙarshe a cikin waɗanda suka gama, kuma har yau ana ba da labarinsa. Babu wanda ya ce Akhwari ne ya ci tseren, abin da ake yabo a wurinsa shi ne ainihin abin da ya yi.

To, mu tambayi kanmu, me ɗanki ya yi a wannan rana? Na san irin filin: an ja layuka da farar ƙasa ko toka, rana tana dukan kai, iyaye sun cika rumfa, lasifika tana ƙara, 'yan koren gida da 'yan jan gida suna ihu kamar maƙogwaro zai tsage. Yaro ɗan shekara bakwai ya tsaya a kan layi cikin wannan hayaniya, aka busa usur, ya ga bayan abokansa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa nisa, ya san shi ne a baya kuma kowa yana ganinsa, amma bai tsaya ba, bai fashe da kuka ya ruga wurinki ba, ya ci gaba har ya taka layin ƙarshe. Na koyar a firamare shekaru masu yawa, kuma na ga yara da dama da suka zauna a tsakiyar fili a daidai wannan gaɓa. Abin da ɗanki ya yi abu ne na gaske, yana da suna, kuma ya cancanci a ambace shi. Sunansa gama tsere, kuma da makarantar ta kira shi da wannan suna da ba mu zo nan ba.

Akwai kuma batun shekaru, wanda iyaye maza sukan manta da shi idan zuciya ta hau. A aji biyu na firamare a garuruwanmu za ki tarar da ɗan shekara shida da rabi yana zaune benci ɗaya da ɗan shekara takwas har da ɗoriya, domin ba lokaci ɗaya ake sa yara makaranta ba. A wannan mataki tazarar shekara ɗaya babba ce ƙwarai a tsawon ƙafa da ƙarfin jiki, don haka tseren 'yan aji biyu sau da yawa ranar haihuwa yake aunawa fiye da ƙwazo ko baiwa. Masu nazarin wasanni sun daɗe da lura cewa a ƙungiyoyin matasa, yaran da aka haifa a farkon shekarar rukuninsu sun fi samun zaɓe, saboda kawai sun ɗan girmi sauran da watanni. Wanda ya zo na ƙarshe yana shekara bakwai yana iya zama wanda ba a kamawa yana shekara goma sha uku, muddin bai daina gudu ba a tsakani. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne abin da ke hannunku yanzu.

Ƙasar Nowe ta gina tsarin wasannin yaranta a kan wannan fahimta. Tun 1987 hukumar wasanninsu take da ƙa'idoji na musamman ga yara, waɗanda suka hana fitar da jerin na ɗaya zuwa na ƙarshe kafin shekarar da yaro zai cika 11, suka kuma ce idan za a ba da kyauta a gasar yara to a ba kowa. Ƙasar ba ta kai mutum miliyan shida ba, amma a gasar Olamfik ta hunturu ta 2018 ta kwashe lambobi 39, fiye da kowace ƙasa. Ba ina cewa kyautar kowa da kowa ce ta ba su wannan nasara ba, domin suna da dukiya da ƙanƙara da filaye, amma misalin ya isa ya nuna cewa tausasa wa ƙananan yara ba ya hana su zama gwanaye idan sun girma. Dabararsu ita ce su riƙe yara da yawa a cikin wasa har jikinsu ya nuna abin da zai iya, sannan gasa mai zafi ta biyo baya.

Yanzu bari in koma ga maigidanki, domin ba na so ki fita daga wannan shafi da tunanin cewa tsoronsa na banza ne. Ba shi kaɗai ba ne a duniya. A 2015 wani shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka mai suna James Harrison ya sanar cewa zai mayar da kofunan halarta da aka ba 'ya'yansa maza biyu, har sai sun ci na gaske da guminsu, kuma maganar ta jawo muhawara mai tsawo a ƙasar. Bincike ma ya ba wannan tsoro wani ƙarfi. A 1973 masana uku, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, sun yi gwaji a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford da yaran da dama can suna son zane. Wasu an yi musu alkawarin takardar yabo idan suka yi zane, wasu an ba su takardar ba zato bayan sun gama, wasu kuwa ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye alƙaluman zane a aji aka zuba ido, sai aka ga waɗanda aka yi wa alkawari sun rage zane ƙwarai, kusan rabin lokacin da sauran suke ɗauka. Abin da ya kasance wasa a wurinsu ya koma aikin lada, da ladan ya ƙare sai sha'awar ta bi shi. Waɗanda kyautar ta zo musu ba zato kuwa sha'awarsu ba ta ragu ba.

A 1998 kuma Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada 'yan aji biyar da wasu tambayoyi, suka yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, waɗanda aka yaba wa basira suka fi saurin karaya, suka fi zaɓar aiki mai sauƙi don kada su faɗi, kuma da yawansu suka ƙara wa makinsu gishiri lokacin da aka ce su gaya wa wasu yara abin da suka samu. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari su ne suka jure. Abin da na ɗauka daga waɗannan gwaje-gwaje biyu shi ne, ita kyautar ba ita ce ke gyara yaro ko ɓata shi ba, maganar da take ɗauke da ita ce. Lambar da ke cewa "kai gwani ne" ga yaron da bai gwane ba tana cutar da shi, wadda ke cewa "ka jure har ƙarshe" ga yaron da ya jure tana ƙara masa ƙarfi.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure, kuma har yau ina tuna shi. Wata shekara a makarantar da nake koyarwa muka yanke shawarar cewa babu ɗalibin da zai tafi hannu rabbana ranar rabon kyaututtuka, sai muka zauna da daddare muna ƙirƙiro sunayen kyauta don su isa kowa. Bayan an watse, wata yarinya 'yar aji biyar, mai shiru-shiru, ta same ni a bakin ofis riƙe da kofin roba da aka naɗe mata a takarda mai ƙyalli, ta ce, "Malama, ni me na yi aka ba ni?" Na buɗe baki ban sami amsa ba, domin gaskiyar ita ce ban san abin da ta yi ba, sunanta kawai na gani a rajista na cike gurbi. Ta dube ni, ta ce na gode, ta tafi. Yarinyar ta gane cewa ba mu gan ta ba duk tsawon shekarar, kuma kofin ya tabbatar mata da hakan. Yaran da suka kai shekara goma sun san wanda ya fi su lissafi da wanda ya fi su gudu fiye da yadda malami ya sani, kuma ba a rufe musu ido da ƙyalle mai launi.

Addininmu ya ja mana layi a nan ta ɓangarori biyu. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana yaro ta ce ya zo ta ba shi wani abu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Ke nan ko da yaro ƙarami ba a yi masa wasa da gaskiya. A ɗaya ɓangaren kuma, ya tabbata a hadisin Nana A'isha cewa wanda yake karanta Alƙur'ani yana cijewa, yana shan wahala a kansa, yana da lada biyu. An ambaci darajar gwanin karatu a cikin hadisin, an kuma ambaci ladan mai fama, kowanne da matsayinsa. Wannan ita ce hujjar da nake so ki riƙe idan za ki yi magana da maigida.

Ga yadda nake ba ki shawarar ki yi. Kada ki tayar da maganar a gaban yara, kuma kada ki saukar da lambar daga kan sif da hannunki, domin idan kika yi haka kin mayar da ita tutar rigima tsakaninki da shi, yaron kuma zai koyi cewa murnarsa tana raba iyayensa. Ki bari sai bayan sallar isha'i, ya ci abinci ya huta, ki fara da inda kuka yi tarayya. Ki ce masa, "Baban yara, na yarda da kai cewa makarantar nan ba ta kyauta ba, kuma zan faɗa musu a taro. Amma yaron nan bai san da wannan ba, shi dai ya ga ya kawo wa babansa abu an karɓe, kuma yanzu ya ce ya bar gudu, alhali na san ba abin da kake so ke nan ba." Mafi yawan iyaye maza da suke irin wannan tsanani tsoro ne yake motsa su, tsoron kada ɗansu ya tashi rago a ƙasar da ba ta da tausayin rago, kuma idan kika nuna masa cewa matakin da ya ɗauka yana kai yaron daidai inda shi uban yake tsoro, zai fi saurarenki fiye da idan kika ce masa ba shi da tausayi. Abin da za ki roƙa ƙarami ne: shi da kansa ya sauko da lambar, ya kira yaron, ya ce masa, "Wannan ba ta cin tsere ba ce, ta gama tsere ce, kuma na ji an ce ba ka tsaya ba. Baɗi muna so mu ga ka wuce mutum ɗaya." Bai janye ra'ayinsa ba, bai yi ƙarya ba, kuma ya mayar wa ɗansa abin da ya karɓe.

Kada hankalinki ya tafi ga ƙaramin har ki manta da yayarsa, domin ita ce aka fi zalunta a filin, kuma tana shekarun da 'yan mata da yawa suke barin wasanni gaba ɗaya. Ki gaya mata a fili cewa tana da gaskiya, makaranta ta yi kuskure, kuma ita ce ta ci tseren ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Yabon gwani ya zama dole, kuma ya fi daɗi idan ya fito daga bakin uba. A yi mata wani abu a gida wanda ya ambaci nasararta da sunanta, ko da takalmin gudu ne ko fita ta musamman, a kuma yi shi a gaban ƙanenta ba tare da an juya an ce masa "ka ga yayarka" ba. Yana da kyau ya ga ana murnar wani a gidansu ba tare da an rage shi ba, domin zai buƙaci wannan darasi duk tsawon rayuwarsa.

Shi kuwa yaron, kada ki matsa masa, kuma kada ki ce za ki saya masa kaza idan ya sake gudu, saboda abin da gwajin zanen nan ya nuna. Ki mayar da gudu wasa kamar yadda yake a da. Da yamma, ki sa shi ya ruga daga ƙofar gida zuwa gindin bishiyar da ke kusa, ki auna da agogon waya, ki rubuta daƙiƙoƙin a bango da alli ko a bayan kalanda, bayan kwana uku a sake. Yaron da yake tsere da lokacinsa na jiya yana ganin ci gabansa da idonsa, kuma wannan nasara ce da babu wanda zai ce ba ta gaske ba ce. Abu ɗaya zan ƙara a matsayin uwa: idan kin lura yana saurin haki fiye da sa'o'insa, ko yana kukan ciwon ƙirji ko gaɓoɓi bayan wasa, ki kai shi asibiti a duba shi, domin asma da ƙarancin jini da sikila duk suna rage wa yaro gudu, kuma bai dace a kira shi rago a kan abin da yake buƙatar magani ba.

Sai maganar kwamitinku. Kafin ki shiga taron ki tuna cewa muhawarar da ake yi a Amurka ta taso ne daga wurin da ake ganin yabo ya yi wa yara yawa, mu kuwa a yawancin makarantunmu ba wannan ce cutar ba. Har yanzu akwai inda ake karanta sakamako a taron safe daga na ɗaya har zuwa na ƙarshe, a sa yara su yi wa na ƙarshen ihu, malami ya kira shi daƙiƙi a gaban ƙannensa. Iyayen da suke neman a ba kowa kyauta galibi wannan wulaƙanci suke gudu, kuma suna da hujja, sai dai maganin da suka kawo bai dace da ciwon ba. Idan aka daina tozarta na baya, rabin buƙatar kyautar kowa da kowa ta kau. Wannan shi ne abu na farko da zan so ki nema, kuma ba ya cin ko kwabo.

Bayan haka, ki ba da shawarar a raba ƙanana da manya. 'Yan nazare zuwa aji uku a ba su duka abu iri ɗaya, fensir ko littafin zane, a kira shi tsarabar biki, kada a kira shi kyautar ƙwazo. Daga aji huɗu zuwa sama a bar kyautar na ɗaya da na biyu da na uku yadda take, a kuma sa ta bambanta a ido da duk wani abu da za a raba. Sannan a buɗe wasu ƙofofi na gaskiya waɗanda ke da hujja a rubuce: wanda makinsa ya fi na kowa ƙaruwa daga zangon farko zuwa na uku, wanda rajista ta nuna bai yi fashi ko makara ba, wanda ya fi karanta littattafan laburare idan kuna da shi. Kyautar ƙaruwar maki ita na fi so a cikinsu, domin ita kaɗai ce wadda ɗan baya yake da damar ci fiye da ɗan gaba, kuma sai an yi aiki ake samunta. Idan iyaye suka dage cewa kowa ya tafi da wani abu, to kowane malamin aji ya rubuta wa kowane ɗalibi jimla ɗaya da hannunsa a kan takarda, wadda ta faɗi abu guda na gaskiya da yaron ya yi a shekarar, kamar cewa ya koyi jadawalin bakwai bayan ya daɗe yana fama da shi, ko ita ce take taimaka wa sabuwar ɗaliba da karatu. Wannan ya fi sayen lambobi dozin-dozin a kasuwa wahala, domin yana tilasta wa malami ya san yaransa, kuma da na yi shi a waccan shekara da na sami abin da zan gaya wa yarinyar nan a bakin ofis.

Ki kuma sa ido a kan kuɗi. Idan aka ce kowane uba ya biya kuɗin kyauta sannan a miƙa wa ɗansa a kan dandamali, to sayayya aka yi, kuma yara suna jin labari. Mafi muni shi ne a ga kyauta tana bin gidajen da suka fi ba makaranta gudummawa, domin wannan yana koya wa yaro tun yana ƙarami cewa ana sayen yabo. Ki nemi a rubuta sharaɗin kowace kyauta tun farkon shekara a manna a allon sanarwa, yadda kowane ɗalibi zai san abin da ake nema kafin a fara.

Ranar da babansu ya sauko da lambar, ki goge mata ƙura, ki samo alƙalamin da ba ya gogewa, ki sa yaron ya rubuta a bayanta da hannunsa ranar gasar da tsawon tseren da kalmar "na gama". Sannan ki bar shi ya rataye ta inda yake so. Ki sake rubuto mini bayan taron kwamitin, ina so in ji abin da iyayen suka yanke da kuma daƙiƙa nawa ya rage a tseren gindin bishiya. Allah Ya raya miki su, Ya sa albarka a gidanku.